Rufe Tsohuwar Ƙofa: Yadda Ake Yi wa API Ritaya

Ranar Lahadi, 29 ga Janairun 2023, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokaci, Godwin Emefiele, ya zo Daura ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari. Da ya fito sai ya shaida wa 'yan jarida cewa an ƙara kwana goma a kan wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, daga 31 ga Janairu an koma 10 ga Fabrairu. Tun 26 ga Oktoban 2022 aka sanar da canjin, amma sai 15 ga Disamba sababbin takardun suka fara yawo, wato ko mako bakwai ba a ba tsoho da sabo su zauna tare ba. Ƙarin kwana goman bai kashe wutar ba. A 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya.

Duk wanda ya sha layin banki a wancan Fabrairu ya riga ya fahimci rabin abin da zan yi bayani. An yi sanarwa, an kuma sa rana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sabon da zai wadatar kafin a kashe tsohon, da kuma sanin yawan mutanen da cinikinsu ke rataye da tsohon a Baure da Zango da ƙauyukan bakin iyaka. Masu dandalin manhaja suna yin irin wannan canji kusan kullum, sai dai su abin da suke janyewa ƙofofin sadarwa ne, waɗanda ake kira API. Wannan jagora ta matasanmu ce da ke koyon rubuta manhaja, a Foliteknik ta Tarayya da ke Daura ko a gaban wayarsu, da masu shagon intanet da wakilan POS waɗanda abin ke faɗowa a kansu ba tare da an yi shawara da su ba.

Abin da ake rufewa

Idan mai POS ya buga lambar asusu, sunan mai asusun ya bayyana kafin a tura kuɗi, na'urar ba ta san sunan da kanta ba. Tambaya ta aika wa wata kwamfuta a cikin tsarin da aka amince da shi tun farko: ga adireshin da za a aika, ga bayanan da za a saka, ga yadda amsa za ta dawo. Wannan yarjejeniya ita ce API. Da ita shafin makaranta ke karɓar kuɗin zango, da ita manhaja ke aika saƙon tes ga iyaye, da ita ake tantance lambar NIN.

Ƙofa takan tsufa saboda dalilai kaɗan. Wata an gano ɓarayi na iya bi ta cikinta. Wata an tsara ta da kuskure tun farko, kuma ba ta gyaruwa sai an karya abin da aka gina a kanta. Wata doka ce ta hana ta. Mafi yawa kuwa tsada ce: duk tsohuwar ƙofar da aka bari a buɗe sai an ci gaba da gwada ta, a toshe ɓarakarta, a amsa koken masu bin ta, alhali ma'aikatan da suka gina ta sun daɗe da barin wurin.

Matakai biyu ne a aikin, kuma haɗa su wuri guda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Na farko a yi wa ƙofar alamar tsufa: tana nan tana aiki, amma an ce kada a sake gina sabon abu a kanta. Na biyu a cire ta. Harshen PHP misali ne da ya shafi masu gina shafukan makarantu kai tsaye. Tsofaffin umarninsa na magana da rumbun bayanai, irin su mysql_connect, an yi musu alamar tsufa a siga ta 5.5 a 2013, aka cire su a siga ta 7.0 a Disambar 2015. Har yau akwai tsofaffin littattafan koyo da kundayen kammala karatu da ke yawo a hannun ɗalibai da waɗannan umarni a ciki. Ɗalibi ya kwafa, ya ɗora a saba ta zamani, shafi ya fito fari fat, ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Ƙirga kafin ka buɗe baki

A ce kai ne ka gina dandalin da makarantu masu zaman kansu a Daura da Sandamu da Mai'aduwa ke duba sakamako da biyan kuɗi a kansa. Ka ba wasu masu shagon intanet da wasu abokan sana'a damar haɗa manhajojinsu da naka. Yanzu ka gane cewa tsohuwar ƙofarka tana fitar da sunan yaro da ajinsa da lambar wayar mahaifinsa ga duk wanda ya san lambar rajista, kana so ka rufe ta.

Kada ka fara da sanarwa. Fara da kundin shige da fice na sabarka. Wa ke bin ƙofar, sau nawa a rana, wane ɓangare nata yake amfani da shi, yaushe ya zo na ƙarshe? Idan ba ka ba kowane abokin hulɗa mabuɗinsa na daban ba, ba za ka iya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don haka aikin farko shi ne raba mabuɗai, kowanne da sunan mutum da lambar waya mai aiki. Sannan kada ka ƙirga na mako guda ka ce ka gama. Manhajar da ke fitar da sakamako sau uku kawai take motsi a shekara. Wanda ya duba kundinsa a tsakiyar zango zai ga shiru ya ce ba kowa, sai ranar ba da hutu waya ta hana shi zama. Ƙidayar da ba ta zagaye shekarar karatu ba, ko aƙalla zango guda cif, ba ƙidaya ba ce.

Akwai kuma abin da kundin ba zai nuna maka ba. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya shahara da lura da cewa idan masu bin ƙofa suka yi yawa, duk wata ɗabi'arta da ake iya gani sai an sami wanda ya dogara da ita, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba. Wataƙila tsohuwar ƙofarka tana jero sunaye bisa haruffa ba da niyyarka ba, wani kuwa ya gina takardar sakamakonsa a kan wannan jerin. Wataƙila tana rubuta kwanan wata da rana a gaba, sabuwar kuma ta sa shekara a gaba. Waɗannan ƙananan abubuwa su suka fi karya manhajar mutane, kuma ba ka gano su sai ka zauna da biyu ko uku daga cikin manyan masu amfani da ƙofar ka ga kod ɗinsu da idonka.

Sai sabuwar ƙofa. Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci: ba a fara ƙirga wa'adi sai sabuwar ta iya duk abin da tsohuwar ke yi, ko kuma an faɗa a fili cewa abu kaza ba zai dawo ba, ga dalili. Python ta koya wa duniya wannan da tsada. An fitar da siga ta 3 a Disambar 2008, ba ta jituwa da ta 2, manyan kayan aikin da mutane suka dogara da su kuma suka daɗe ba su ƙaura ba. An so a binne siga ta 2 a 2015, dole aka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana ɗauke da kaya biyu.

Tare da sabuwar ƙofa ka rubuta takardar ƙaura, gajera: ga yadda kake aikawa a da, ga yadda za ka aika yanzu, ga amsar da, ga ta yanzu, layi da layi. Ka ba da wurin gwaji mai bayanan bogi. Idan da hali, ka mai da tsohuwar ƙofar 'yar aike kawai, ta karɓi tambaya a tsohon tsari, ta miƙa wa sabuwar, ta juyo da amsa. Da haka injin guda kake kula da shi, kuma nauyin barin tsohuwar a buɗe na ƙarin watanni ya ragu ƙwarai.

Sanarwa, da ranar da za a sa

Dandalin da ya san abin da yake yi yana faɗin yadda zai rufe ƙofa tun ranar da ya buɗe ta. Facebook ya fara sa wa ƙofofinsa lambar siga a Afrilun 2014, ya ba masu siga ta farko shekara guda, daga nan ya tsaya a kan cewa kowace siga za ta yi aƙalla shekara biyu bayan fitowar magajiyarta. Mai gini a kansa ya san lissafinsa tun kafin ya sa tubali. Kai ma ka sa v1 a adireshin ƙofarka tun ranar farko, ko da ba ka taɓa tunanin za a yi v2 ba, ka kuma rubuta layi biyu: duk ƙofar da za a rufe za a ba da sanarwar wata kaza. Ga ƙaramin dandali irin na makarantu, ni ina ganin zango biyu shi ne mafi ƙaranci.

Sanarwa kuma ba imel guda ba ce. Adireshin da aka yi rajista da shi shekara huɗu da suka wuce galibi na yaron da ya gina manhajar ne, shi kuwa ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu. Saboda haka ake sa gargaɗin a inda mai rubuta kod zai yi karo da shi. A harshen Java akwai alamar @Deprecated, wadda ke sa kwamfuta ta yi gargaɗi duk lokacin da aka harhaɗa manhaja da tsohon umarni, daga siga ta 9 a 2017 kuma aka ƙara mata wurin nuna cewa lallai za a cire abin. A ƙofofin intanet akwai wani layi da ake liƙawa a kan kowace amsa, mai suna Sunset, wanda aka tsara a 2019, yana ɗauke da ranar rufewa. Ka sa wannan, ka sa jan rubutu a shafin da abokan hulɗarka ke shiga, ka aika imel. Bayan duk wannan, ka ɗauki waya. A ƙasar Daura masu bin ƙofarka ba za su wuce waɗanda za ka iya kira ɗaya bayan ɗaya ba, wasu ma ka san shagonsu. Wannan gata ne da Google ba shi da shi, kada ka yi wasa da shi. Ka kira shugaban makarantar ma, domin shi zai biya kuɗin gyaran, kuma shi iyaye za su tsare a bakin ofis.

Sanarwar ta ƙunshi abu huɗu a sarari: wace ƙofa, wace rana, me zai maye gurbinta, wa za a kira. Kalmar "nan gaba kaɗan" ba ta tayar da kowa daga zaune.

Daga ranar sanarwa ka daina ba sababbin shiga mabuɗin tsohuwar ƙofa. Wannan mataki ba ya cutar da kowa, yana kuma hana adadin ƙaruwa. Google Play haka yake yi tun 2018: kowace shekara yana ɗaga matakin Android da dole sabuwar manhaja ko sabuntawa ta dace da shi. A 31 ga Agustan 2024 an nemi mataki na 34, wato Android 14, a 31 ga Agustan 2025 aka nemi na 35. Manhajar da ta yi baya sosai ba a goge ta daga wayar kowa, ana dai ɓoye ta ga sababbin masu saukewa da ke riƙe da sababbin wayoyi. An toshe mashiga, an bar na ciki su fita a hankali.

Zaɓen rana kuwa aiki ne na wanda ya san garinsa. Kamfanonin Amurka suna kauce wa ƙarshen Disamba. Kai abin da za ka kauce wa daban ne: makon komawa makaranta, makon fitar da sakamako, lokacin rajistar JAMB da shagunan intanet ke cika maƙil, ƙarshen wata da albashi ke shiga, goman ƙarshe na azumi. Kada ka sa ranar rufewa a makon Sallah, lokacin da rabin waɗanda za su yi gyaran suna kallon Hawan Magajiya, haka ma Sallar Gani. Idan ƙofar ta shafi kuɗi, ka duba ranar cin kasuwar Mai'aduwa, inda cinikin dabbobi na rana guda ke iya fin na sauran mako a wurin mai POS. Talata ko Laraba da safe, a tsakiyar zango, ta fi. Ranar Juma'a da yamma kuwa, wanda ya rufe ƙofa ya sayi fitinar Asabar da Lahadi da kuɗinsa.

Rufewar gwaji

Komai yawan sanarwa, akwai waɗanda ba za su motsa ba sai abu ya tsaya. Maganinsu shi ne a rufe ƙofar da gangan na ɗan lokaci, a sanar tun kafin a yi, sannan a sake buɗewa. Twitter ya yi haka a 2013 kafin ya kashe sigar farko ta ƙofarsa a watan Yuni. GitHub ma, da zai daina karɓar kalmar sirri wajen tura kod a 13 ga Agustan 2021, ya yi rufewar 'yan sa'o'i a 30 ga Yuni da 28 ga Yuli. Wanda manhajarsa ta tsaya na awa ɗaya ya bincika ya gano dalili, yana da sauran makonni ya gyara.

A nan akwai wani tarko da ya keɓanta da mu. A wurinmu abu ya tsaya na awa ɗaya ba labari ba ne, kowa zai ce netwok ne, ya jira, abu ya dawo, a wuce wurin. Rufewar gwajin da ta yi kama da matsalar sabis ba ta koyar da kowa komai. Dole amsar da ƙofar za ta mayar ta zama rubutu bayyananne, da Hausa da Turanci idan mai shago ne zai gani: an rufe wannan hanya don gwaji daga ƙarfe kaza zuwa kaza, za a rufe ta gaba ɗaya ranar kaza, a kira lamba kaza. Ka fara da rabin awa, bayan mako biyu ka yi awa uku, daga baya yini guda. Bayan kowanne ka koma kundi ka ga waɗanda suka buga ƙofar a rufe. Su ne jerin waɗanda za ka kira gobe.

Ranar rufewa ta gaske, kada ƙofar ta ɓace kawai. A ƙa'idar HTTP akwai lamba 404, mai nufin ba a sami abin ba, akwai kuma 410, mai nufin da yana nan amma an cire shi da gangan. Ta biyun za ka mayar, tare da adireshin takardar ƙaura. Abin da ya fi kowanne muni shi ne ƙofar ta ci gaba da amsa cewa komai lafiya alhali ba ta yin aikin: uba ya biya kuɗin makaranta, an cire a asusunsa, rasit bai fito ba. Kuma kada ka goge kod ɗin a ranar. Ka kashe shi da makunnin da za ka iya mayarwa cikin minti biyar, ka bar shi wata guda, sannan ka share shi tare da tsofaffin mabuɗai. Sharewar ma wajibi ce, domin ƙofar da aka manta da ita a buɗe, ba mai gadi, ita ɓarawo ke nema.

Za a roƙe ka ƙarin lokaci. Idan kundi ya nuna manyan abokan hulɗarka ba su ƙaura ba, ka ƙara, amma sau ɗaya, da sabuwar rana tabbatacciya, kuma gara ka ƙara wa waɗanda suka nema da sunansu bisa mabuɗinsu maimakon kowa da kowa. Wanda ya ɗaga wa'adi sau uku ya koya wa mutane cewa ranarsa ba rana ba ce.

Wayar da ba ta sabuntawa

Duk abin da na faɗa ya fi sauƙi idan mai bin ƙofar wata saba ce da ke da mai kula da ita. Idan manhajar waya ce da ka raba wa jama'a, lissafi ya canza. Mutanenmu da yawa ba daga Play Store suke sauke manhaja ba, ta Xender ake tura musu a shagon cajin waya ko a majalisa. Sun kashe sabuntawa don tattalin data, wayar kuma ba ta da sauran wuri. Sigar da ka fitar shekara uku da suka wuce tana nan tana hayayyafa daga waya zuwa waya har Kongolam da tsallaken iyaka, kuma ba ka da hanyar kiran ko ɗaya daga cikin masu ita.

Rigakafin wannan tun a sigar farko ake sa shi. Duk lokacin da manhajar ta buɗe, ta tambayi saba: wace siga ce mafi ƙanƙanta da ake karɓa? Idan tata ta gaza, ta nuna saƙo da Hausa, ta faɗi girman abin da za a sauke. Ta kuma riƙa faɗin lambar sigarta a kowace tambaya, don ka san nawa suka rage a baya. Wanda bai sa wannan tun farko ba, ba shi da yadda zai sa shi daga baya a wayoyin da suka riga suka tafi.

Ka kuma yi tunani kafin ka yanke tsofaffin wayoyi. WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0 daga 24 ga Oktoban 2023, shekara tara bayan fitowar wannan siga. Idan kamfani mai wannan girma ya yi irin wannan haƙuri, mai manhajar da manoman Sandamu ke amfani da ita ba shi da hujjar yanke wayar shekara biyar don kawai tasa sabuwa ce.

Idan kai ne a bakin ƙofar wani

Gaskiyar magana, yawancinmu a wannan gefen muke. Ƙofofin da muke bi na Legas ne da Abuja da Kalifoniya, kuma ba kullum ake bin matakan nan da mu ba. A Afrilun 2021 kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack suka sanar da abokan hulɗarsu cewa, bisa umarnin hukuma, an dakatar da ba waɗanda ba bankuna ba damar tantance BVN. Manhajojin da suka gina rajistar sababbin mutane a kan wannan ƙofa suka wayi gari tana rufe. Daga baya NIBSS ta fito da iGree, inda sai mai BVN ya amince da kansa kafin a ga bayanansa. Hukumar NIMC ma ta kawo lambar wucin gadi mai haruffa da lambobi 16, wadda ke mutuwa bayan awa 72, a maimakon miƙa NIN mai lamba 11 kai tsaye, aka ce tsarin ya fara daga Janairun 2022. Dalilin duka biyun kare bayanan mutane ne, kuma dalili ne mai kyau. Idan ƙofa tana zubar da sirrin jama'a, gajeren wa'adi ba zalunci ba ne. Amma mai shagon da ke cike wa mutane fom, shi dai ya ga abu ya daina aiki.

Wani canjin kuma, na 2025, ya shafi wakilan POS. Tsarin SWIFT na tura kuɗi tsakanin ƙasashe ya bar tsofaffin saƙonninsa da sababbi na ma'aunin ISO 20022 su yi aiki tare daga Maris 2023 zuwa 22 ga Nuwamban 2025. A Agustan 2025 Babban Bankin Najeriya ya fitar da takarda yana umartar bankuna da kamfanonin biyan kuɗi su koma wannan ma'auni kafin 31 ga Oktoba, a kuma ɗaure kowace na'urar POS da wurin da aka yi mata rajista cikin kwana 60, sannan ya sa Android 10 a matsayin mafi ƙarancin abin da na'ura za ta ɗauka. Wakilin da ke ƙarƙashin rumfa a tashar mota ba zai taɓa ganin saƙon ISO 20022 da idonsa ba, amma shi ne mai riƙe da na'urar da za a ce ta tsufa. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya shiga saitin na'urar ya ga sigar Android ɗinta, ya tambayi jami'in kamfaninsa ko tana cikin waɗanda za a canza da kuma wa zai biya, kuma ya daina danna "daga baya" idan ta nemi sabuntawa.

Mai rubuta manhaja kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buɗe takarda guda ka jera duk ƙofar waje da manhajarka ke bi: ta biyan kuɗi, ta saƙon tes, ta taswira, ta tantance mutum, da sigar PHP ko Android da kake kai. Gaban kowacce ka rubuta sigarta da ranar da aka ce za ta mutu. Sau ɗaya a wata ka leƙa shafin sauye-sauyen kowane kamfani, aikin minti ashirin ne. Masu aika sanarwar waya ta Firebase da suka yi haka sun ga tun Yunin 2023 cewa tsohuwar hanyar aikawa saura mata shekara guda. Waɗanda ba su yi ba, sai da masu amfani da manhajarsu suka fara cewa saƙo ya daina shigowa.

A cikin kod ɗinka kuma, kada ka warwatsa kiran ƙofar waje a wuri talatin. Ka tara shi a fayil guda, sauran manhajar ta riƙa magana da wannan fayil. Ranar da aka canza ƙofa, ko ka canza kamfani gaba ɗaya, wuri ɗaya za ka taɓa. Gargaɗin tsufa da kwamfuta ke nuna maka da rawayan rubutu, wanda ka saba wucewa don abu yana aiki, ka ware masa rana a kowane zango ka share shi.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ke haɗa masu gini da masu makarantu faɗa. Mai makaranta yana ganin ya sayi manhaja an gama, kai kuma ka san ƙofofin da take bi za su canza ko ba ka taɓa komai ba. Ka faɗa masa wannan tun ranar ciniki, ku rubuta a takarda: kuɗin gini daban, kuɗin kulawa na shekara daban, kuma ƙaura zuwa sabuwar ƙofa tana cikin kulawa. Asusun kamfanin biyan kuɗi da na saba da na Play Store a buɗe su da imel ɗin makarantar, da lambar wayar da za ta zauna a ofis, kai a ƙara ka a matsayin mai taimako. Ka ba shugaban makarantar kwafin takardar nan ta jerin ƙofofi da ranakunsu, ka nuna masa inda zai duba, ka ce duk imel ɗin da ya zo da kwanan wata a cikinsa ya tura maka a ranar.